Majaujawar 'Yan Ajin Malama Zinatu

Amsar ashirin ce. Malama Zinatu ta san da haka tun kafin ta ɗora alli a kan allo, amma cikin 'yan mata bakwai na ajin kimiyya babu wadda ta kawo mata ashirin.

Tambayar ba ta da wata wahala. An ɗaure dutse a bakin igiya mai tsawon santimita tamanin, ana juya shi yana kewayawa da gudun mita huɗu a daƙiƙa. A nemo sauyin gudun da ke karkatar da dutsen zuwa tsakiya, wanda littafin fiziks ke kira sentirifital. A ninka gudu da kansa, a raba da tazarar da ke tsakanin dutsen da tsakiyar da'ira. Huɗu sau huɗu sha shida, a raba da tsawon igiyar a mita, wato ɗigo takwas, ashirin. Shi ke nan.

Binta, ƙaramarsu kuma wadda ta fi su kaifin kai, ta kawo sha biyu da ɗigo uku. Humaira, doguwar ajin, ta kawo sha ɗaya da ɗigo huɗu. Sauran biyar ɗin suka faɗo tsakanin waɗannan biyu. Abin da ya hana Zinatu sakat shi ne, da kwafar juna suka yi, da amsar ta zo iri ɗaya. Da kuma ba su iya ba ne, da ta tarwatse gabas da yamma. Kowaccensu ta rubuta ƙa'idar daidai, ta ninka daidai, sai a wajen rabawa ta ajiye tsawon igiyar da aka ba ta, ta ɗauko wata lamba wadda babu ita a tambayar.

"Binta, ina kika samo mita ɗaya da ɗigo uku?"

Binta ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta. "Haka yake, Malama."

"Haka yake a ina? A wane littafi?"

Binta ta ƙara sunkuyar da kai. Zinatu tana da murya mai yanka, kuma ba ta iya rarrashi ba. Da ta ɗaga ta, sai yaran su shige cikin hijabansu su ƙi fitowa. Ta sake ba su irin tambayar da wata igiya, suka sake ƙara mata tsawo.

Malam Hayatu, mataimakin shugabar makaranta mai kula da harkar karatu, ya ga takardun. Ba mugu ba ne, mutum ne da ya daɗe yana raba malamai kaɗan ga azuzuwa masu yawa har ya gaji. Ya tare ta a ɗakin malamai yana kaɗa takardun a hannu.

"Malama Zinatu, yara bakwai sun riƙe ɗaki guda da malama guda, ga ƙananan azuzuwa can babu mai koya musu lissafi. Kuma ga abin da bakwai ɗin ke rubutawa. Ko karanta lamba daga allo ya gagare su."

"Sun iya karatu, Malam. Akwai abin da suke gani wanda ban gano ba tukuna."

"To ki gano shi da wuri. Ƙarshen wata za mu aika sunayen masu jarrabawar fita. Kafin nan ni da kaina zan gwada su a kan wannan babin na kewayawa. In biyar cikin bakwai ba su haye ba, su koma ajin adabi, a rufe ajin kimiyya. Wani kan ba a yi shi don fiziks ba, ba laifin kowa ba ne."

Zinatu ta san wannan magana, don a kanta aka fara yi mata ita. 'Yar Adabka ce, ɗiyar manomin gero. Ta sha zama a bayan babur a kan hanyar Bukkuyum da akwatin ƙarfe a cinya, ƙafafunta na dukan duwatsu, ta je makaranta ta dawo, har ta kai jami'a a Sakkwato ta zauna aji guda da maza zalla, ta fito da sakamakon da ya sa wasunsu suka daina gaishe ta. Ta dubi Malam Hayatu ido cikin ido.

"Ranka ya daɗe, ka shirya tambayoyinka. Kada ka sassauta musu ko kaɗan, don kada daga baya a ce alfarma aka yi."

Da ta fito sai da ta jingina da bango, don ba ta san da me za ta cika wannan baki da ta yi ba.

Litinin da ta biyo baya ta shiga aji ta tarar da kujeru bakwai babu kowa a kai. Shinkafar fadama ta fitar da kai, tsuntsayen jan-baki sun sauka. Duk yaran bakwai 'yan unguwannin bakin gulbi ne, kuma a Gummi idan shinkafa ta fara nono, duk gidan da ke da gona a fadama sai ya ɗora ɗansa ko ɗiyarsa a kan rumfar tsaro daga fitowar rana har faɗuwarta. Tsuntsayen nan idan suka sami gona babu mai gadi, kafin a ci abincin rana sun mayar da noman shekara ƙaiƙayi.

"Kowace shekara haka ne," in ji Malam Hayatu. "Sai an yanke za ki gan su."

"To a ɗaga gwajin."

"Sunaye ba su jiran shinkafa, Malama."

Ranar, ana tashi daga makaranta, ta tsayar da ɗan kabu-kabu mai babur ta ce ya kai ta fadama. Ya sauke ta inda hanya ta ƙare, ya dubi takalmanta masu tsini ya yi dariya. Ta cire su ta riƙe a hannu, ta tattare zanenta, ta shiga. Laka ta kama ta har ƙwauri. Ko'ina ihu ne da ƙarar gwangwanaye da aka jera a igiyoyi ana girgizawa, sama kuma garken tsuntsaye na murɗawa kamar hayaƙi.

Wata tsohuwa mai ƙarfin jiki, da tulun ruwa a ka, ta tsaya tana kallonta. Inna Maiturare ce, kakar Binta.

"Wagga kuwa ba malamar su Binta ba ce? Ɗiyata, mi ya kawo ki cikin laka? Ko gwamnati ta fara biyan albashi da shinkafa?"

"Ina wuni, Inna. Ɗalibaina na biyo."

"Ɗalibanki na aiki. In kin zo ɗaukarsu, sai ki fara roƙon tsuntsaye su tahi hutu."

"Ba ɗaukarsu zan yi ba. Inda suke nan zan koya musu."

Tsohuwar ta dube ta sama da ƙasa, ta ga matsattsaku ya riga ya maƙale mata a idon sawu ba ta ma sani ba. Ta sauke tulun, ta sunkuya ta cire shi da farce, ta jefar. "To, bi kan gaɓar nan, kada ki taka min shuka. Ga Binta can."

Rumfar gado ce ta itace a kan ginshiƙai huɗu, sama da tsayin mutum. Binta na tsaye a kai, ba ta ga malamarta ba. Babu sunkuyar da kai, babu murza hijabi. Ta ɗaure shi a ƙugu, ta ɗauki curin busasshiyar laka daga kwando ta saka a majaujawa, igiyar rama mai harshe biyu da ɗan fata a tsakiya. Ta miƙe hannunta gaba ɗaya, ta fara juyawa bisa kanta. Zagayen farko a hankali, na biyu ya fi shi, na uku igiyar ta fara kuka, sai ta saki harshe ɗaya. Curin ya tafi a miƙe ya fashe a tsakiyar garken, tsuntsaye suka tashi.

Zinatu ta tsaya cikin ruwa da takalma a hannu. A garinsu yara maza ke korar tsuntsu, ita kuwa tana ɗaki da littafi, ba ta taɓa tsayawa ta kalli majaujawa da idon fiziks ba. Hannun yarinyar bai tsaya wuri ɗaya yana murza igiya ba. Hannun kansa yana kewayawa, a miƙe, tun daga kafaɗa. Tsakiyar da'irar ba a yatsunta take ba. A kafaɗarta take.

"Binta! Sauko. Miƙo hannunki."

Yarinyar ta sauko a tsorace. Zinatu ta zaro awon tela daga jakarta ta ɗora daga kafaɗa zuwa tafin hannu. Santimita hamsin. Tamanin da hamsin, mita ɗaya da ɗigo uku.

"Kirawo min Humaira."

Humaira ta taho daga gonarsu tana tsallake gaɓa da dogayen ƙafafunta. Aka auna. Sittin. Tamanin da sittin, mita ɗaya da ɗigo huɗu.

Zinatu ta zauna daɓas a kan gaɓa, ta yi dariyar da yaran ba su taɓa jin ta yi ba, har hawaye. Kowace yarinya tsawon hannunta take ƙarawa a kan igiyar tambaya. Shi ya sa amsoshin suka yi kusa da juna amma ba su taɓa haɗuwa ba.

"Don me ba ku faɗa min ba?"

Binta ta ga dariya, sai bakinta ya buɗe. "Malama, mun ɗauka kowa ya sani. Ai ba a juya majaujawa da wuyan hannu, sai ɗan yaye mai wasa. Ke kinka ce a auna daga tsakiya. To tsakiya ga kafaɗa take."

"Mu mun zaci mai tambayar ya bar hannun ne don ya gwada mu," in ji Humaira. "Ashe bai taɓa korar tsuntsu ba."

"Bai taɓa ba," in ji Zinatu tana share ido. "Ku saurara. A nan gona, ku ke da gaskiya, kuma ban taɓa samun ɗaliban da suka gane inda tsakiya take kamar ku ba. Amma mutumin cikin takarda hannunsa a kafe yake kamar turke. In ya ce igiya tamanin, daga turken yake nufi. Ba a tambaye ki hannunki ba, ki bar shi a gida."

Daga ranar fadama ta zama aji. Da safe Zinatu na makaranta tana cike gurbin lissafi a ƙananan azuzuwa, don kada a sami abin faɗa a kanta. Da azahar ta yi salla, ta sa tsohon zane da takalmin roba, ta hau kabu-kabu. Yaran ba su iya barin rumfunansu, don haka ita ke bin su ɗaya bayan ɗaya, daga gona zuwa gona. Allonta bayan tiren abinci ne, allinta gawayi. In tire ya cika, sai a koma kan lakar gaɓa da tsinke.

Babin yana da abu biyu da ke rikita ɗalibai ko'ina, amma waɗannan yaran suna da su a jiki, suna ne kawai ba su sani ba. Ta sa Binta ta juya majaujawa a hankali.

"Daga zagayen farko zuwa na uku, me ya ƙaru?"

"Gudu."

"Wa ya ƙara shi?"

"Kafaɗata. Ina tura shi gaba."

"Gaba ta ina?"

Binta ta zana da yatsa a iska. "Ta inda yake bi. Gefen zagayen."

"To wannan shi ne tanjenshiyal. Sauyin gudu ne mai bin hanya, aikinsa ƙara sauri ko rage shi. Yanzu ki riƙe gudun, kada ki ƙara kada ki rage. Me kike ji a yatsunki?"

"Igiya na ja."

"Gudu bai ƙaru ba, me take ja?"

Humaira ta yi ihu daga rumfarta, don iska na kai mata maganar. "Tana hana shi tahiya miƙe, Malama! In ta saki, miƙe zai tahi!"

"Shi ne sentirifital. Ba ya ƙara sauri, alƙibla yake sauyawa, kullum yana duban tsakiya."

Yaran suka raɗa musu sunayensu: mai turi da mai riƙo. Zinatu ta bar su da sunayen, da sharaɗin a takarda su rubuta na littafi. Ta zana a laka ta nuna musu cewa mai turi da mai riƙo kullum a kusurwar gini suke haɗuwa, ɗaya na bin gefe ɗaya na duban ciki, saboda haka ba a tara su kai tsaye kamar kwanon gero da kwanon gero. Sai a ninka kowanne da kansa, a haɗa, a nemi tushen abin da ya fito. Nan ne suka fi shan wuya. Zaliha, wadda ta fi kowa saurin hannu da saurin mantuwa, ta yi kwanaki tana tara uku da huɗu tana kawo bakwai, Zinatu na mayar da ita tana cewa biyar.

Wata rana igiyar Humaira ta tsinke ana tsakiyar darasi, curin ya faɗa gonar maƙwabci. Inna Maiturare, wadda ta kawo fura ta zauna tana sauraro kamar ba ta sauraro, ta ce, "Kullum ga zagayen ƙarshe take tsinkewa. Tun ina yarinya haka nike gani."

"Ku ba Inna amsa," in ji Zinatu.

Binta ta motsa leɓe tana lissafi. "Don gudu ana ninka shi da kansa ne. In na ninka gudu biyu, riƙon da igiya za ta yi ya zama huɗu. In na ninka uku, tara."

"Awo," in ji tsohuwar. "Ashe abin da kuke yi ke nan a makarantar. Ni na ɗauka Turanci kawai kuke ci."

Fadama ba ta yi wa Zinatu sauƙi ba. Tafin ƙafarta ya tsattsage saboda jiƙa da bushewa. Sauro ya same ta, zazzaɓi ya kwantar da ita yini guda, washegari ta taso da ɗacin baki da ƙwayoyi a jaka ta koma. A ɗakin malamai aka sa mata suna Malamar Jan-baki, wani ma ya tambaye ta ko a nemo mata gwangwani. Ta ce masa ya ajiye, zai yi masa amfani wajen tara ɗaliban da ke tsere wa darasinsa. Maza masu wucewa da kwalekwale kan tsaya su saurari mace na ƙwala tambaya daga wannan gona, wata yarinya na ƙwalo amsa daga waccan, a tsakani ana ihun tsuntsu.

"Babur ya shiga kwana mai tazarar mita ashirin da biyar daga tsakiya, yana gudun mita goma a daƙiƙa, yana ƙara mita uku a kan gudunsa kowace daƙiƙa! Zaliha, mai riƙo nawa?"

"Haaa! Haaa! Ku tashi, 'yan banza! Huɗu, Malama!"

"Mai turi?"

"Uku!"

"Gaba ɗaya?"

Zaliha ta ƙirga da yatsu. "Biyar! Amma Malama, wanga ɗan kabu-kabu zai zubar da mutane, wa ke ƙara wuta cikin kwana?"

Malam Hayatu ya sa gwajin ranar Alhamis da safe. A lokacin shinkafa ta yi nauyi ta fara sunkuyawa, tsuntsaye sun ninka. Iyaye maza suka ce ba su hana karatu ba, amma babu mai barin gonarsa safiya guda a irin wannan mako. Zinatu ta bi gida-gida, ta sha gaisuwa mai daɗi da amsa iri ɗaya. Ran Laraba da yamma ta zauna a gindin rumfar Binta, ba ta ɗauko tire da gawayi ba, karo na farko tun da ta fara zuwa.

Inna Maiturare ta ajiye ƙwaryar fura. "Ɗiyata, mu kafin mu tsufa mi kike zaton muna yi? Duk tsohuwar da ke unguwar nan ta hau rumfa tana budurwa. Bari in zagaya."

Ta zagaya, ta tashi kakanni da gwaggonni daga kan tabarmi, wasu da roƙo wasu da gori. Ta samu biyar, ita ta shida. Ita za ta hau rumfar su Humaira, don uwar Humaira na jego kuma ba su da kowa. Saura rumfa ɗaya, ta su Binta.

"Ni zan hau," in ji Zinatu. "Dama Malam Hayatu ya ce kada in kusanci ɗakin gwajin, kuma ya ba ni safiyar."

Tsohuwar ta kama baki. "Ke? Na ga jifarki rannan, saura kaɗan ki kashe akuyar mutane a bayanki. Wagga gona ita ce tuwonmu na shekara, Malama."

"Na sani, Inna. Ba zan sauko ba sai ta dawo."

Maiturare ta daɗe tana dubanta. Sannan ta ciro majaujawar Binta daga jikin ginshiƙi ta miƙa mata.

Tun hantsi bai yi ba Zinatu ta gane bambancin sanin abu a allo da yin sa. Ta san a kan wane layi curi zai tafi in an sake shi, amma yatsunta ba su san lokacin sakin ba. Na farko ya faɗi a gindin rumfa. Na biyu ya bugi ginshiƙi ya watso mata laka a fuska. Daga gonar su Humaira muryar tsohuwa ta taso: "Miƙe hannun, Malama! Kin koma mutumin cikin takarda!" Tsofaffin da ke sauran rumfuna suka kwashe da shewa.

Ta miƙe hannun. Tsuntsayen na zuwa kashi-kashi, in ta kore su daga gabas su sauka yamma. Ta ja igiyar gwangwanaye da hagu, ta yi jifa da dama, ta yi ihu har muryar nan mai yanka ta dushe ta koma kamar ta agwagwa. Igiyar rama ta ci fatar yatsunta, ƙuraje suka taso suka fashe. Ta yage bakin ɗankwalinta ta naɗe, ta ci gaba. Rana ta hau tsakiyar ka, curin laka ya ƙare a kwando, ta sauka rabin tsani ta kwaso na shanya a gaɓa ta koma. Duk lokacin da hankalinta ya tafi ɗakin gwaji, ko Zaliha za ta tuna da tushe, ko wata za ta ƙara hannunta, sai garke ya sauko ya dawo da ita. Can wajen azahar wani curi ya fita daga hannunta da kukan da ta saba ji daga na Binta, ya tafi a miƙe ya fashe inda ta nufa. Babu wanda ya yi shewa. Maiturare dai ta ɗaga mata hannu daga nesa.

Bayan azahar ta hango fararen hijabai bakwai a jere a kan gaɓa. Ba su gudu, ba su tsalle. Zinatu ta ajiye majaujawar. Ta riƙe ginshiƙi.

Binta ta iso, ba ta dubi sama ba. Ta bi gefen gonar tana taɓa kawunan shinkafa, ta leƙa can, ta leƙa nan.

"Malama, kin bar musu kusurwar yamma. Sun ɗan taɓa."

"Binta." Muryar da ƙyar ta fito. "Kada ki sa in sauko."

Yarinyar ta ɗago, dariyar da take dannewa ta ƙwace. "Gabanmu Malam Hayatu ya duba takardun, Malama. Ya duba, ya sake dubawa, har ya cire tabarau ya goge. Biyar mun haye. Ya ce aji na nan, da mu duka bakwai za a aika suna."

Sai a lokacin sauran suka saki ihu, tsofaffi suka karɓa da guɗa daga rumfa zuwa rumfa, tsuntsayen fadamar gaba ɗaya suka tashi sama. Zinatu ta zauna a bakin gadon itacen, ta bar ƙafafunta na lilo. Ba ta yi kuka ba, don ta riga ta yanke tun tana yarinya cewa ba a gaban mutane take yi ba. Ta dai daɗe tana kallon ruwa.

"Su wa suka faɗi?"

Zaliha ta ɗaga hannu, da wata mai suna Raihana da ke ɓoye a bayanta. "Na san biyar ce, Malama," in ji Zaliha, ido ya kawo ruwa. "Wallahi na sani. Hannuna ne ya rubuta bakwai."

"To hannun zai koya. Jarrabawar gaske da saura."

Ta juya za ta sauko, hannun dama ya ƙi ɗaguwa. Sai da Binta da Humaira suka hau suka tallafo ta. Inna Maiturare ta iso tana ɗingishi, ita ma kafaɗarta a riƙe, ta kwance tsumman yatsun malamar ta duba, ta yi tsaki. Ta ciro man kaɗanya daga ƙullin zanenta ta fara shafawa.

"Gobe ki kwanta gida, ɗiyata. Kin biya."

"Yaushe za a yanke shinkafar, Inna?"

"Sai ta ƙara bushewa. Da sauran kwanaki."

Zinatu ta dubi 'yan matan bakwai da suka kewaye ta, fararen hijabansu duk sun ɗebi laka.

"To gobe bayan azahar ina nan. Zaliha da Raihana, da ku zan fara. Kowa ta hau rumfarta ta sauke tsohuwarta, ga tsuntsayen can sun dawo ta yamma."